Sunan fim na haya ne: a duba kafin a sauke gem a waya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana kan wasannin waya, wato gem, da ake ginawa a kan finafinan ƙagaggen kimiyya: na yaƙin taurari da kumbuna, na dodannin sararin samaniya, na mutum-mutumi masu dambe, da na ƙattin dabbobin nan da suka shuɗe waɗanda ake kira dainaso. Sana'armu gyaran waya ce da ɗora manhaja. Tambayoyi uku ne ba sa yankewa a teburin mai gyara game da waɗannan wasanni: me ya sa gem ɗin ya ƙi buɗewa, me ya sa yake cin kuɗi haka, ina kuma ya shiga da aka wayi gari babu shi? Ta farko maganar waya ce, za mu zo kanta. Sauran biyun amsarsu ɗaya.

Galibi wanda ya ƙera gem ba shi ne mai fim ba. Hayar sunan ya yi. Kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm, mai finafinan Star Wars, a 2012 kan dala biliyan 4 da 'yan kai, a 2013 kuma ya ba kamfanin EA lasisin yin wasanni da sunan, daga nan aka samu Star Wars: Galaxy of Heroes a 2015. Finafinan Jurassic na kamfanin Universal ne, amma Ludia da ke Kanada shi ya yi Jurassic World: The Game a 2015 da Jurassic World Alive a 2018. Fim ɗin Real Steel na 2011 na Amurka ne, gem ɗinsa na damben mutum-mutumi da yara ke so kuwa Reliance Games na Indiya ne ya yi shi. To mai gem yana da bakuna uku da zai ciyar kafin ya ci riba: mai fim da ke karɓar kasonsa, shagon Google ko na Apple da kan yanki har kashi 30 cikin ɗari na ciniki, da manyan kwamfutocin da wasan ke zaune a kansu, waɗanda ake kira saba, su kuma kullum sai an biya musu wuta da ma'aikata. Shi ya sa gem mai sunan fim ya fi takwaransa marar suna naci wajen tambayar kuɗi. Ranar da cinikin ya kasa ɗaukar nauyin nan uku, ko wa'adin lasisi ya cika ba a sabunta ba, sai a kashe saba.

Ba hasashe ba ne. Star Wars: Uprising ya fito a 2015, aka rufe shi a 2016. Star Wars: Force Arena ya fito a 2017, ya mutu a 2019. Star Wars: Commander, wanda miliyoyin mutane suka sauke tun 2014, an kashe shi a 2020, shekarar da Jurassic Park Builder ma ya bi sahu bayan shekara takwas. Na baya-bayan nan, Star Wars: Hunters, a 2024 ya fito, bai ga ƙarshen 2025 ba. Duk wanda ya zuba kuɗi a cikinsu ya sayi jarumi ko makami ko dabba, babu abin da ya rage masa sai hoton da ya ɗauka. Doguwar yarjejeniyar nan da kowa ke danna amincewa bai karanta ba ta riga ta faɗa cewa izinin amfani aka ba ka, ba mallaka ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Waɗanda suka riski zamanin Nokia za su tuna wasannin Java da ake turawa ta Bluetooth, har da na fim ɗin Avatar da Gameloft ya yi a 2009. Da yawansu ba su kai megabait ɗaya ba, amma wanda ya adana nasa a tsohuwar waya yau ma zai buɗe, don duk wasan yana cikin wayar. Wannan bambancin shi ya kamata mai saukewa ya fara dubawa: shin wasan a wayata yake, ko a sabar kamfani?

Na cikin waya su ne waɗanda ake saya sau ɗaya. Star Wars: Knights of the Old Republic, wanda asalinsa na 2003 ne, Aspyr ya kawo shi Android a 2014, ya biyo da na biyu a 2020. Alien: Isolation, wanda ya ɗora labarinsa a kan fim ɗin Alien na 1979, Feral Interactive ya kawo shi waya a ƙarshen 2021. Irin waɗannan labari ne mai farko da ƙarshe, ba talla, kuma da zarar ka saya ba mai tsayar da kai ya ce sai ka sake biya kafin ka wuce gaba. A ra'ayinmu su ne suka fi araha in an yi dogon lissafi, ko da yake mutane na gudunsu saboda farashin da ke rubuce a goshi. Sai dai a sani, Alien: Isolation na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, wasan tsoro ne na gaske, ba na ba yaro ba.

Na kyauta su ne masu buƙatar bayani, kuma Galaxy of Heroes ya isa misali, tunda kamfaninsa ya sanar a 2021 cewa ya tara masa sama da dala biliyan 1. Ga yadda tarkon yake. Kowane jarumi ana tara shi ne da gutsattsari, kuma kafin ya kai tauraro bakwai, wato ƙarshen matakinsa, sai an tara gutsure 330. Ana samun gutsuren ne a wasu fagagen yaƙi da ba a yarda ka shiga ɗaya fiye da sau biyar a rana ba, kuma ba kowace nasara ke ba da gutsure ba. Lissafin da 'yan wasan suka daɗe suna yi ya nuna kusan sau ɗaya cikin uku. Biyar a rana, ɗaya cikin uku, ya zama ba ka cika gutsure biyu a yini ba. Raba 330 da wannan, za ka samu kwana kusan 200, wata shida da rabi, a kan jarumi guda. Tsofaffin jarumai an ninka musu abin da ke faɗowa, sai kwanakin su koma rabi. Runduna kuwa mutum biyar ce, kuma ana buƙatar runduna da yawa. Bayan haka kowane yaƙi yana cin abin da suke kira kuzari, wanda ke dawowa ɗaya a kowane minti shida, wato 240 a awa 24, alhali fage mai wuya kan ci 12 zuwa 20 a shiga ɗaya. Idan kuzari ya ƙare, ko shiga biyar ɗin ta cika, sai allo ya nuna maka lu'ulu'u, wato kuɗin cikin wasan da ake saya da kuɗin gaske: biya ka ci gaba. Ba wasan ake sayar maka ba, jiran da aka ƙirƙira ake sayar maka da maganinsa.

Wanda ya fahimci haka zai iya buga shi shekaru bai kashe ko sisi ba. Dabarar ita ce a zaɓi runduna ɗaya a kammala ta kafin a taɓa wata, a yi ayyukan yau da kullum da ke ba da lu'ulu'u kyauta, a kashe lu'ulu'un wajen cika kuzari maimakon buɗe ƙunshin sa'a da ba a san abin da ke cikinsa ba, a kuma shiga ƙungiya mai rai, don rabon da ake samu a yaƙin ƙungiya ya fi na mutum shi kaɗai. Kuskuren sabon shiga shi ne raba ɗan abin da ya samu ga jarumai ashirin saboda ya san su a fim, ya ƙare da ashirin ɗin duka ragwaye.

Star Trek Fleet Command na 2018, wanda ya fara da duniyar sababbin finafinan Star Trek, wani salo ne. Kana gina tasha a sararin samaniya, ginin da ya fara da minti kaɗan yana komawa kwanaki idan an yi nisa, kuma da zarar ka girma wasu 'yan wasa za su iya kai wa tasharka hari su kwashe abin da ka tara matuƙar garkuwarka ta sauka. Garkuwar tana da wa'adi. A garin da wuta ke ɗaukewa yini guda waya ta mutu, ko sabis ya yanke, wa'adin zai cika kana barci, ka tashi ka tarar an yi maka ƙarƙaf. Mai niyyar wannan wasa ya riƙa sa garkuwar da ta fi tsawon lokacin da yake zaton zai yi ba ya kan layi, in ba zai iya ba, gara ya nemi wani.

Sai ƙunshin sa'a, wanda ake biya a buɗe ba a san abin da ke ciki ba. Tun ƙarshen 2017 Apple ya wajabta wa masu wasanni su bayyana yiwuwar samun kowane abu, Google ya bi a 2019, don haka lambar tana nan a wani ɗan maɓalli kusa da ƙunshin. A neme ta. Amma a karanta ta daidai. Idan an rubuta kashi 1 cikin ɗari, ba yana nufin buɗewa ɗari za ta ba ka abin ba. Kowace buɗewa zaman kanta take, ba ta tuna ta baya. Cikin mutum ɗari da kowannensu ya buɗe sau ɗari, kusan 37 za su tashi a tutar babu. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan ƙunshi da ake saya da kuɗi caca ne. Hukuncinsa a addini mun bar wa malamai, amma ya dace a kai musu tambayar da cikakken bayanin yadda abin ke aiki, ba a ce musu wasan yara ne kawai ba.

Daga nan ne wasu ke faɗawa ramin da ya fi wannan zurfi: gem ɗin da aka ce an fasa, mai kuɗi marar iyaka, wanda ake saukewa a shafukan da ba a san mai su ba. A wasan da ke kan saba, adadin lu'ulu'unka a kwamfutar kamfani yake rubuce, ba a wayarka ba, don haka babu fasawar da za ta ƙara shi. Iyaka lambar da ke allo ta canza, ka je saye a ƙi, ko a rufe asusunka. Abin da fasasshiyar manhajar ke iya yi da gaske shi ne neman izinin karanta saƙonni, ko izinin nan na taimakon masu buƙata ta musamman da ke ba manhaja damar ganin allo da danna maɓalli da kanta. Wayar da ke karɓar lambar OTP ta banki ita ce dai wannan wayar. Gem ba shi da abin yi da saƙonninka ko lambobin mutanenka. Duk wanda ya nema, a goge shi.

Yanzu maganar waya. Abu na farko ram, wato ƙwaƙwalwar da waya ke riƙe aikin da take yi a lokacin. Kwali kan ce 8GB, a ƙasa da ƙananan baƙi a rubuta 4+4. Huɗun farko ne ram na gaskiya. Na biyun aro ne daga ma'adanar waya, wadda ba ta kai ram sauri ba ko kusa, kuma gem mai nauyi ba ya ƙirga shi. Manhaja irin CPU-Z ko AIDA64 za ta nuna ainihin ram, da sunan injin wayar, da ko tsarinta 32-bit ne ko 64-bit. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, don akwai ƙananan wayoyi masu Android Go da tsarinsu 32-bit ne, sababbin wasanni da yawa kuwa sun daina yi musu. Idan Play Store ya ce wasa bai dace da wayarka ba, ba ƙeta ba ce. Tilasta shi ta bayan gida kan ƙare da baƙin allo, ko ya buɗe tambarin kamfani ya fita.

Na biyu sarari. Girman da Play Store ke nunawa sau da yawa na ƙofar shiga ne kawai, sauran kayan sai an buɗe wasan yake jawo su. Alien: Isolation yana zama a kan gigabait 11, amma masu shi sun ba da shawarar a tanadi 22 kafin a fara, saboda a matse yake saukowa, sai an warware shi, kuma na matsen da na warwaren kan zauna tare na ɗan lokaci. Waya mai 64GB da hotunan biki da bidiyon WhatsApp suka cinye ba za ta ɗauka ba. Saukewar za ta kai kashi 90 da wani abu ta tsaya, data ta tafi a banza. Ko bayan an gama, a bar gigabait biyu ko uku babu komai, in ba haka ba wayar gaba ɗaya za ta riƙa sanƙarewa.

Turawa ta Xender da aka saba ita ma ta fara ƙin ci, ga kuma dalili. Tun Agustan 2021 Google ya ce sababbin manhajoji su zo a rarrabe, kowace waya a ba ta yankin da ya dace da injinta da allonta. Abin da ka turo daga wayar aboki na wayarsa ne, wani lokaci ma uwar manhajar kaɗai ce ta zo ba 'ya'yanta, sai ka ga an rubuto cewa ba a girka ba. Tsofaffin wasanni masu fayil ɗin OBB kuwa, wato ƙunshin hotuna da sautin wasan, sai an ajiye shi a mazauninsa cikin babban fayil na Android, a ƙaramin fayil mai ɗauke da ainihin sunan manhajar, ga shi daga Android 11 an tsaurara shiga wannan wuri. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a sauke daga shago da datar dare ko Wi-Fi, a kashe yanayin tattalin batir, a bar allo a kunne har a gama, don wasu wayoyi suna kashe manhajar da ke aiki a baya da zarar allo ya mutu.

Kan data, yaƙin kansa ba ya ci sosai a wasannin da ake yi bi da bi. Masu cinyewa su ne sabuntawa da tallan bidiyo da ake kallo don samun lada. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ya dace kowa ya shiga saitin Play Store, sashen hanyar sadarwa, ya mayar da sabuntawa ta atomatik zuwa Wi-Fi kaɗai ko ya kashe ta.

Jurassic World Alive yana da nasa sharuɗɗan. Da GPS yake aiki, kana yawo a unguwa dainaso na bayyana a taswira, ka tura jirgi marar matuƙi ka harba masa allura ka tara ƙwayar halittarsa. Sashen da ke nuna dabbar tsaye a tsakar gidanka ta kyamara yana buƙatar jairoskop, ƙaramar na'urar da ke gane juyawar waya, da kuma wayar da Google ya amince mata a tsarinsa na ARCore. Ƙananan wayoyi da dama ba su da ita, kuma babu manhajar da za ta dasa ta. GPS da data da hasken allo a rana tare suna shanye batir kamar rariya. Ga kuma abin da masu ƙera shi a Kanada ba su lissafa ba: tafiya a titi da waya a hannu, ido a allo, a garuruwan da ake fama da masu ƙwacen waya.

Zafi shi ne babban mai kashe wayoyin 'yan gem a yankinmu. Apple da kansa ya rubuta cewa an yi wayoyinsa ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran wayoyin ma batirinsu iri ɗaya ne, alhali a Afrilu Kano da Sakkwato da Yamai suna haura 40. Idan waya ta yi zafi injinta yana rage gudu da kansa don kada ya ƙone, shi ne dalilin da gem ke tafiya sumul minti goma na farko sannan ya fara tsalle-tsalle. Buga gem ana caji yana haɗa zafi biyu, ƙarshensa batir ya kumbura ya ɗaga murfi ko gilashi. A cire rigar waya, a sauke kyawun hoto zuwa matsakaici, a mayar da gudun hoto 30 maimakon 60, a rage haske, a ɗaga ta daga kan katifa. Kada a sa ta a firij. Raɓar da za ta taru a ciki ta fi zafin ɓarna. Batirin da ya kumbura kuma canza shi ake yi, ba a danne shi, ba a huda shi.

Ga iyaye: idan akwai katin banki a asusun Google na wayar da yaro ke riƙewa, a shiga Play Store a kunna tantancewa ga kowane saye, da kalmar sirri ko zanen yatsa. A iPhone ana rufe saye na cikin manhaja ta Screen Time. A kuma leƙa sashen biyan kuɗi na wata-wata, domin wasu wasannin, har da Jurassic World Alive, suna da rajistar masu alfarma, wato VIP, da ke sabunta kanta, kuma goge gem daga waya ba ya tsayar da cirar kuɗin. Sai an shiga an soke. Wanda ya sayi gem a Play Store ya ga bai yi a wayarsa ba yana da awa biyu ya danna a mayar masa da kuɗinsa kai tsaye, bayan nan kuma zai iya shigar da buƙata cikin awa 48. Don haka ranar da aka saya a gwada.

Kafin a kawo waya filashin ko a mayar da ita sabuwa, a tabbatar an ɗaure gem ɗin da asusun Google Play Games ko na kamfanin. Wanda ke bugawa a matsayin baƙo, aikinsa na shekara biyu zai tafi da filashin, mai gyara kuma ba shi da yadda zai dawo da shi. A rubuta lambar ɗan wasa a takarda, a Galaxy of Heroes lamba tara ce, a kuma adana rasit ɗin saye na farko da Google ke turowa ta imel, mai lamba da ta fara da GPA, don da shi kamfani ke gane mai asusu. Wannan ne ma ya sa sayen asusun wani asara ce: rasit ɗin farko yana hannun mai sayarwa, duk ranar da ya ga dama zai karɓe abinsa.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, idan shafinku na kimiyya da fasaha zai gabatar da irin waɗannan wasanni, kada a tsaya a hoton fim da yabon jarumi. A rubuta girmansa bayan an gama saukewa, ko yana aiki ba intanet, ram nawa yake so, shekarun da aka ƙayyade masa, ko akwai ƙunshin sa'a a ciki, da ranar da aka sabunta shi na ƙarshe, wadda ke rubuce a shafinsa na Play Store. Gem mai saba da ya yi wata shida ba a taɓa shi ba, ko wanda aka dakatar da saye a cikinsa, a gaya wa masu karatu kada su sa masa ko naira ɗaya.

Mun gode da filin da aka ba mu.

Naku,
Wasu masu gyaran waya da ɗora manhaja,
Kano.